Da wane jiki Baba zai tashi?

To, salama gare ku 'yan'uwa. 'Yar'uwata, na saurari muryarki har sau biyu. Kin tambaya da wane irin jiki za a tashi a ranar ƙarshe, amma ni na san Babanki ne a ranki, da ƙafarsa da aka yanke kafin ya rasu. Wannan zan amsa.

Ba zai tashi da ƙafa ɗaya ba. Buɗe 1 Korantiyawa sura 15, aya 35, tambayar nan taki tana nan. Bulus ya ce a dubi ƙwayar alkama. 'Yar ƙwaya kike binnewa, abin da zai fito ya fi ta nesa ba kusa ba, amma dai alkamar ce, ba wani abu dabam ba. Daga aya 42 ya ce ana shuka jiki cikin ruɓa, a tashe shi marar ruɓa, a shuka shi da rauni, a tashe shi da iko.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne aya 44, jiki na ruhu. Da sun ji ruhu sai su zaci iska ce. Haba! A Luka 24 Yesu ya ce wa almajirai su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Ya nemi abinci, aka miƙa masa gasasshen kifi, ya ci suna kallo. Shi ne kuma ya shigo musu ƙofofi a kulle, Yahaya 20. Filibiyawa 3:21 ta ce jikinmu zai zama kamar nasa.

Abin nan yana taɓa ni ne saboda ranar jana'izar mahaifiyata. Mai wa'azin ya nuna akwatin, ya ce tsohuwar riga ce aka tuɓe aka yar. Riga? Ni nake shafa wa hannayen nan mai a watanninta na ƙarshe, na san kowace jijiya, har da ɗan yatsan da ya lanƙwashe. Kuma bakin da ya faɗi haka, da shi yake karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, yana cewa ya gaskata da tashin jiki. In riga ce, don me aka tarar da kabarin Yesu babu kowa? Na so in sami mai wa'azin bayan an watse, ƙannena suka riƙe ni. Har yau... to, a bar wannan.

Bari in gyara wani abu, kada a ce na ce babu ko alama. Yesu ya tashi da gurbin ƙusoshi, har ya ce wa Toma ya sa yatsa. Agustin na Hippo, wani babban malamin ikilisiya na da, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi dogon tunani a kan wannan. A ganinsa masu shahada za su iya tashi da tabonsu a matsayin daraja, amma gaɓar da aka sare za a mayar musu. Ra'ayinsa ne, ba aya ba ce, ni dai ya kwanta mini.

Na san akwai wanda zai jefo mini aya 50 ta 1 Korantiyawa 15, wai nama da jini ba za su gaji mulkin Allah ba. Ɗan'uwa, kada ka tsaya nan, ka kai 53. Cewa Bulus ya yi wannan mai ruɓa zai yafa rashin ruɓa. Wannan ɗin fa ya ce. 'Yar'uwata, ki karanta wa Mamarki surar yau da dare, a hankali.