Amsa ga mai neman inda zai sauka da dattijo da karensa a Whitby

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun da safe na ga tambayarka, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce watanka 7 da zuwa Ingila, kana aikin kula da wani dattijo Bature, 'ya'yansa sun roƙe ka ka raka shi hutun mako guda a Whitby, garin bakin teku da ke yankin Yorkshire, cikin watan Agusta, shi kuma ya ce ƙafarsa ƙafar karensa. Kana son sanin inda za ku kwana da inda za ku ci abinci ba tare da an mayar da ku daga bakin ƙofa ba, sannan zuciyarka ba ta kwanta ba saboda sallarka. Na ga wasu sun ce maka ka ƙi zuwa kawai. Ni ba zan ce haka ba. Shekarata 11 a Leeds ina wannan aiki, kuma sau huɗu na yi irin wannan tafiya da wata tsohuwa da na daɗe ina kula da ita kafin rasuwarta, sau uku zuwa Whitby, sau ɗaya zuwa Keswick.

Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne gane matsayin karen a wurinta. A Zariya na tashi, inda kare ko na gadi ne ko na mafarauta, kuma iyakarsa ƙofar gida. Nan kuwa tsoho zai kwana ya wuni bai ji muryar kowa ba, 'ya'ya suna wasu garuruwa, jikoki sai a waya. Karen nan shi ke tashinsa da safe, shi ke sa shi ya taka ƙafa ya fita, saboda shi ne maƙwabta ke tsayawa su gaisa da shi. Ranar da aka kwantar da karen tsohuwata a asibitin dabbobi kwana biyu, ko shayi ba ta iya sha ba, magani ma sai da lallashi. Tun daga nan na daina ɗaukarsa a matsayin kayan da aka ɗora mini, na ɗauke shi wani ɓangare na kula da ita. Idan ka shirya tafiyar da wannan tunani, sauran abubuwan za su zo maka da sauƙi.

Game da doka, babu wata doka a Ingila da ta hana kare shiga inda mutane ke zama cin abinci. Abin da dokar tsaftar abinci ta hana shi ne dabba ta kai inda ake dafawa ko adana abincin. Saboda haka ganin damar mai wuri ne, wani ya yarda, na kusa da shi ya ƙi, kuma ba ka da bakin magana. Inda lamarin ya bambanta shi ne karen da aka horar don taimakon mai lalura, kamar karen jagoran makaho. Shi kam dokar daidaito ta 2010 ta ba shi kariya, kuma direban tasi da ya ƙi ɗaukarsa ba tare da takardar uzurin rashin lafiya ba zai iya cin tarar da ta kai fam 1,000. Amma daga bayaninka karen dattijon na gida ne kawai, to kada wani ya ba ka shawarar ka ce na taimako ne don a bar ku ku shiga. Ƙarya ce, kuma masu lalurar gaske ake ɓata wa.

Manyan kamfanoni kowa da tsarinsa, gara ka sani tun yanzu. Otal-otal ɗin Premier Inn ba sa karɓar kare sai na taimako. Na Travelodge suna karɓa, amma da ƙarin kuɗin sharar ɗaki. Mashayun Wetherspoon masu sayar da abinci, da za ka gani kusan kowane gari, ba sa yarda ko da a kujerun waje ne. Motocin bas na National Express ma sai karen taimako. Jirgin ƙasa kuwa kowane fasinja yana iya shiga da kare har biyu kyauta, muddin yana ɗaure da igiya kuma bai hau kujera ba. Sai dai jirgin da ke shiga Whitby daga Middlesbrough yake tasowa, kuma 'yan kaɗan ne a rana, don haka da tsoho da kaya da kare, mota ta fi. A cikin motar a ɗaure shi da bel ɗinsa ko a sa shi a keji, ƙa'idar hanya ce. Idan tasi za ku kira, ka faɗa tun a waya cewa da kare, domin direban yana da damar ƙi, kuma da yawansu 'yan'uwanmu Musulmi ne da ba sa son gashi a kujerunsu.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina: kada ku sauka a otal, ku kama hayar gida na mako guda mai ɗakin girki. Na koyi wannan da wahala. Tafiyarmu ta farko ɗanta ne ya kama mana ɗaki a wani ƙaramin masauki, ya ga an rubuta ana karɓar karnuka, shi ke nan ya biya. Da muka isa sai matar gidan ta karanta mana sharuɗɗa. Ba a barin kare shi kaɗai a ɗaki. Ba a shiga da shi ɗakin karin kumallo. To tsohuwa ba ta iya saukowa ita kaɗai, kare ba ya zama shi kaɗai, kuma ba ya shiga inda za ta ci. Kullum da safe sai in sauko da ita in zaunar, in koma waje in tsaya da kare a bakin titi cikin iska ina leƙenta ta taga ko ta shaƙe. Ga shi ɗakunan da suka ware wa masu karnuka a hawa na biyu suke, matakala ƙunci, babu na'urar hawa. Kwana uku muka yi muka tattara. Matar ba ta yi mana ƙarya ba, tana karɓar kare, mu ne ba mu tambayi yadda take karɓarsa ba.

Shi ya sa nake cewa abin da ka gani a intanet somin-taɓi ne. A Booking.com da Airbnb akwai inda za ka danna a nuna maka masu karɓar dabbobi kaɗai, akwai kuma irin su Sykes da Canine Cottages masu harkar gidajen hutu. Ka tace da su, ka ware uku ko huɗu, sannan ka ɗaga waya. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya ko akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, saboda tsofaffin gidajen masunta na Whitby sirara ne masu hawa uku, da yawansu kuma a kan gangara suke. Ka tambaya ko bayan gidan a kewaye yake da shinge, don idan kare ya matsu da dare ka buɗe masa ƙofa kawai, ba sai ka sa riga ka bar tsoho shi kaɗai ba. Ka tambaya ko ana iya barinsa awa ɗaya ko biyu idan ta kama ku je asibiti. Ka tambayi kuɗinsa, na dare ne ko na zaman duka, da kuma inda za a ajiye mota, don wurin ajiye mota a tsakiyar garin lokacin zafi abin nema ne. Duk abin da suka amsa ka ce su turo a rubuce. Kuma ka hanzarta, Agusta lokacin hutun makarantu ne, gidaje masu kyau tun da wuri ake kame su.

Ɗakin girkin nan kai zai fi yi wa amfani. Abin da za ka tarar shi ne inda ake maraba da kare da inda ake sayar da halal ba su cika haɗuwa ba. Gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa da muka saba da su a Leeds da Bradford akasarinsu ba sa son kare ya shigo, kuma a ƙaramin gari irin Whitby ba su ma da yawa. Wuraren da suka fi sakin fuska ga kare su ne mashayun da suke kira pub. Ni naman halal nake saya a Leeds in ƙanƙarar, in zuba a jakar sanyi da shinkafata da yajina, da dare in dafa abina. Da rana kuma gidajen shayi muke nema. Alamar da ba ta taɓa yaudarata ba ita ce kwanon ruwa a bakin ƙofa, duk shagon da ya ajiye shi yana son ku shigo. Duk da haka ina leƙawa in tambaya kafin in shigo da tsohuwa, don wasu teburan gaba kawai suka yarda, wasu na waje.

Dattijon zai so zuwa mashaya, musamman ranar Lahadi da suke cin gasasshen nama, kusan al'ada ce a wurinsu. Wannan kai za ka yanke wa kanka, kuma ka faɗa wa 'ya'yansa tun kafin a tashi. Ni abin da na tsayar shi ne da rana kawai, a teburin waje, ina kusa da ita da ruwan lemona, ba na sayo mata giya kuma ba na miƙa mata. Na san wata 'yar'uwa da ko harabar ba ta takawa, iyalin suka shirya ɗansu ya zo ranar ya kai mahaifinsa. Turawan nan idan ka faɗa musu iyakarka da wuri a fili suna girmamawa, abin da ba sa so shi ne sai an je bakin ƙofa ka ce ba ka shiga.

Whitby ta yi suna da soyayyen kifi da dankali, kuma shi ne abinci mafi sauƙi ga mai kare tun da a takarda za ka karɓa ku zauna a benci a bakin tashar jiragen ruwa. Amma ka yi tambaya biyu. A Yorkshire shaguna da dama da kitsen shanu suke suya ba da man gyaɗa ko na ganye ba, wasu kuma suna zuba giya a kwaɓin fulawar da suke tsoma kifin. Ka tambaya, za su faɗa maka gaskiya. Ka kuma rufe abincin dattijon, tsuntsayen tekun garin daga hannu suke fizga.

Bakin teku ma akwai ƙa'ida. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba an hana karnuka wani sashe na babban rairayin da ke ƙarƙashin West Cliff, za ka ga alluna. Ƙaramin na Tate Hill, a ɗaya ɓangaren kogin, ana barinsu duk shekara. Kangon tsohuwar majami'ar da ke saman tudu ana shiga da kare a ɗaure, sai dai kada ka bi da tsoho ta matakalan nan 199, akwai hanyar mota da wurin ajiyewa a sama. Jirgin ƙasa mai hayaƙi da ke tsakanin Pickering da Whitby yana ɗaukar karnuka da ɗan kuɗi kaɗan, kuma babu abin da tsohuwata ta fi so kamarsa, don yana tuna mata ƙuruciya. Idan kun fita wajen gari kun ga tumaki, igiya a wuya ko da karen mai ladabi ne. Doka ta ba manomi damar harbe karen da ke farautar dabbobinsa.

Ledar kwashe kashi kada ta rabu da aljihunka, barinsa a hanya tara ce nan take. Ni safar hannu ta aiki nake sawa kafin ledar. Abin wuyansa ya kasance da suna da adireshin mai shi. Kada ka bar shi a mota a rufe ko na minti kaɗan, zafin Agusta yana kashe su. Kuma kada tausayi ya sa ka ba shi ragowar abincinmu, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare, haka cakulan da inabi da zabibi, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa a cikinsa.

Sai maganar tsarki, wadda na san ita ce ta fi damunka. A mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu a gida, duk mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki kuwa bin umarni ne. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, Hanafawa kuma, waɗanda su ne akasarin 'yan Pakistan da za ka haɗu da su a masallaci, yawun suke ɗauka najasa. Shi ya sa za ka ji maganganu sun saɓa. Ka kira malamin da ka yarda da shi ya warware maka. Ni dai don natsuwar zuciyata ɗakina a rufe yake kullum, kare ba ya shiga, kayan sallata da dardumata suna cikin jaka daban, kayan aiki daban. Wannan ma a gidan haya ne kawai zai yiwu, a otal kuwa ba ka san wane kare ya kwana kan kafet ɗin jiya ba.

Kafin ka ce to, ka sa kamfanin da kake wa aiki ya san da tafiyar, a rubuta cewa fita da kare da ciyar da shi suna cikin aikinka, a rubuta awannin hutunka da wanda zai biya abincinka. Ka karɓi takardar inshorar karen da lambar likitansa, da abincin da ya saba ci wanda zai isa mako, don canjin abinci yana ɓata musu ciki. Sannan tun da saura makonni, ka fara fita da shi a unguwa kai da dattijon, igiyar a hannunka, ya saba da muryarka kafin ku je inda bai sani ba. Idan kun ware gidajen, ka turo hotunansu nan in duba maka matakalan da unguwar, na san waɗanda ke kan tudu.