Shugabana ya gayyace ni cin abinci, an ce sai na je da kwalbar giya

Hajiya, barka da war haka. Ni ɗan Damagaram ne, wata biyu ke nan da na fara aikin gyaran na'urori a wani kamfani a Liyon, ƙasar Faransa. Ina cikin lokacin gwaji, kuma takardar zamana da aikin nan take tafiya. Shugaban sashenmu ya gayyace mu cin abincin dare a gidansa ƙarshen Nuwamba. Ya ce matarsa za ta dafa irin girkin kakarta, shi kuma zai fito da giyar inabin da ya fi so. Abokan aiki sun ce al'adar nan kowa da kwalbarsa yake zuwa. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawara in ce likita ne ya hana ni sha. Ina tsoron in ƙi zuwa a ce ba na son mutane, aikin ya kuɓuce. Sannan ni kaina burodi da taliya sun ishe ni. Inna tana so ta aiko min da kilishi da man shanu ta hannun wani mai tahowa. Yaya zan yi?

Ɗana, Allah ya sa albarka a aikin. Ka fara ajiye maganar likita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a Liyon ma sai ya fi ƙurewa da wuri, domin arewa da ku gonakin inabin giya na Beaujolais ne, kudu kuma na Côtes du Rhône. Kowace Alhamis ta uku ga Nuwamba ake fito da sabuwar giyar Beaujolais ta shekara, gari ya ɗauka. Dokar ƙwadagon Faransa kanta ta yarda da giyar inabi da wasu 'yan nau'o'i a wurin aiki, shi ya sa ko sallamar mai ritaya za a yi sai ka ga kwalabe a ofis. In ka ce magani kake sha, wata mai zuwa za a tambaye ka ko ka warke. Ka faɗa sau ɗaya, a taƙaice, fuskarka a sake: ba na shan giya, ba na cin alade. Kada ka ƙara wa'azi, kada kuma ka ba da haƙuri kamar mai laifi. Faransawa da yawa ba sa sha, wani don tuƙi, wata don ciki, wani don ya daina, kuma ba a tsare su da tambaya.

Lokacin faɗar ya fi yadda za a faɗa muhimmanci. Tun ran gini ran zane. Ni kunya ce ta ba ni kunya a shekarata ta farko. Wata maƙwabciya ta kira ni, na ce to, ban ce mata komai ba don kada in zama baƙuwa mai sharaɗi. Ashe tun daren jiya ta jiƙa naman shanu cikin jar giya, ta wuni tana turara shi a tukunyar ƙarfe, abin da suke kira bœuf bourguignon. Tana ɗaga murfi na ji ƙamshin na gane. Haka na zauna ina gutsurar burodi ina juya ganyen salak, ita kuma tana kallon farantina. Da muka saba daga baya ta ce min ƙin cin bai dame ta ba, abin da ya ɓata mata rai shi ne da na faɗa da kifi za ta gasa. Don haka ka samu shugaban naka mako guda kafin ranar, tun matarsa ba ta je kasuwa ba.

Girkin kaka a yankinku akwai tarko. Gidajen abincin gargajiya na Liyon, waɗanda ake kira bouchon, da alade suka yi suna. Coq au vin zakara ne da aka dafa cikin giya. Tartiflette dankali ne da cuku, amma da 'yan yanka-yankan alade a ciki. Fondue cuku ne da aka narkar da farar giya. Za a ce maka ai wuta ta ƙone barasar, to ba duka take ƙonewa ba. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 a kan wuta kashi 40 cikin 100 na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma akwai kashi 5. Kayan zaƙi ma ka tambaya, don baba au rhum sunansa kaɗai ya tona shi, rhum ɗin barasa ce. In an tambaye ka me za a dafa maka, ka ce kifi da lemon tsami, ko gratin dauphinois, wanda ba komai ba ne sai dankalin turawa da madara da kirim da tafarnuwa a tanda. Duk uwar gida a wannan yanki ta iya shi ido rufe.

Kwalba kuwa kada ka saya. Hadisi ya haɗa mai saye da mai ɗauka da mai sha, kuma babu Bafaranshen kirki da zai sa ran wanda ba ya sha ya kawo masa giya. Abin da ba a so shi ne zuwa hannu rabbana. Ka riƙe dabino mai kyau, ko cakulan da ka karanta kwalinsa ka tabbatar babu barasa a ciki, ko furanni. Sai dai a watan Nuwamba ka guji furen chrysanthème da ke cike da shaguna, na kai wa maƙabarta ne ranar 1 ga wata. Idan an miƙo maka wadda aka rubuta “sans alcool”, wato babu barasa, ka nemi 0,0 a jikinta, domin a dokar Faransa abin sha mai barasa har kashi 1.2 yana iya ɗaukar wannan suna.

Ni dai da zoɓo nake zuwa. A shagunan Afirka na unguwar Guillotière ka ce bissap za a ba ka. Ka wanke cikin hannu biyu, ka tafasa minti goma a lita biyu ta ruwa da ɗanyar citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari, ka tace, ya kwana a firiji. Sukari rabin na gida za ka sa, su tsami-tsamin suke so. A kofin gilashi ja ne wur kamar tasu, kuma in an ɗaga kofuna kai ma kana da naka. Ban taɓa dawowa da ragowa ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamai sun yi magana a kan halin wanda ke zaune a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Wannan ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ni ba mai fatawa ba ce. In zuciyarka ba ta kwanta da zuwa ba, ka yi godiya, ka ce ba za ka samu zuwa ba, kuma a cikin numfashi ɗaya ka gayyace shi naka gidan ranar Lahadi da rana.

Batun aiki, ga yadda yake. A kwantiragin dindindin, gwajin ma'aikacin fasaha irinka wata uku ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya idan kwantiragi da yarjejeniyar sana'ar sun tanada. A cikinsa mai kamfani na iya sallamarka ba tare da ya faɗi dalili ba, amma doka ta hana dalilin ya zama addini. Tabbatar da hakan yana da wuya, shi ya sa nake cewa ka adana kwantiragi da takardun albashi da duk saƙon da aka yaba aikinka. Su ne za su yi maka amfani a ofishin gwamnan jiha ranar sabunta takardar zama. Can babu mai tambayar abin da ke kofinka. A kamfani ma, makara da safe ta fi kai mutum ƙofa fiye da ruwan lemo.

Ka gaida Inna, ka ce mata ta ci kilishinta da lafiya. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, busasshe ne ko ɗanye, komai ƙanƙantarsa. 'Yan duwan za su ƙwace, suna iya cin tara, kuma bai kamata ka jefa bawan Allah mai biza a wannan rigima ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji wannan hani bai shafe su ba, amma mafi yawansu ma za ka same su a Guillotière. Man shanu kuwa ai ƙasarsa ka zo. Ka sayi marar gishiri, ka narkar da shi a ƙaramar wuta da yankan albasa har kumfar ta kwanta, ka tace a kwalba.

Gwauro mai tukunya biyu ba zai kwana da yunwa a Faransa ba. Garin alkamar da suke kira semoule mai laushi yana zama tuwo cikin minti goma. Shinkafar nan mai gajeren ƙwaya da suke kira riz rond, in ta dahu luguf, tuwon shinkafa take tuƙuwa. Kuɓewa tana nan a daskare. Wake mai baƙin ido sunansa cornille, ka haɗa da shinkafa da mai da yaji. Amma ranar da shugabanka zai zo, dambu za ka yi masa. Ka turara kuskus, ka cuɗa shi da zogale, in babu ka sa alayyafo, da albasa da dakakkiyar gyaɗa da mai, ka sake turarawa, ka gasa kaza daga mahautar halal. Yajin ka ajiye shi gefe a ɗan kwano da ƙaramin cokali, ka gargaɗe shi tun kafin ya ɗiba.