Ku Tambayi Mai Ɗab'i: Littafin Wasan Tsoro na Jamusawa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Yayana da ke karatu a Jamus ya zo hutu da wani ƙaton littafin wasan tsoro mai suna Cthulhu. Mutane ne ke kewaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a ciki, ana jefa irin 'ya'yan ludo. Ba na jin Jamusanci, amma nauyinsa da kyansa sun ɗaure min kai. Me ya sa ake kashe kuɗi haka a kan littafin wasa? Kuma da gaske ya fi na Amurkawa, ko cika baki yayan nawa yake yi? Daga ɗalibi a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Yayanka bai cika baki sosai ba, amma a fara ba kowa haƙƙinsa: asalin wasan na Amurkawa ne. Kamfanin Chaosium ya fitar da shi a 1981, Sandy Petersen ne ya tsara shi a kan labaran marubucin nan H. P. Lovecraft da ya rasu a 1937. Jamusawa sun fassara shi a 1986, sannan daga 1999 kamfanin Pegasus Spiele na garin Friedberg ya karɓi ragamar. Daga nan ne bugun Jamus ya yi suna, har waɗanda ba sa jin harshen suna saye don kallo, kamar dai kai.

Abin da suka yi wayo a kansa shi ne hoto. Yawancin labaran wasan suna faruwa ne a shekarun 1920, sai suka rage zane, suka cika shafuka da tsofaffin hotunan kyamara na wancan zamanin, baƙi da fari. Mutum tsaye a ƙofar kanti, mata a tashar jirgin ƙasa, likita da kayan aikinsa. Zanen dodo mai haƙora ba ya tsorata babba. Amma a miƙo maka hoton wani da ya taɓa rayuwa, yana kallon ka ido cikin ido, a ce wannan ne ya ɓata daren jiya, sai tsigar jikinka ta tashi. Sun kuma dawo da labarai da yawa gida, zuwa Jamus ta bayan yaƙin duniya na farko, da hauhawar farashin 1923 lokacin da ake dakon kuɗi a baro don sayen burodi. Ƙasar da ta ga wannan ba ta rasa abin ban tsoro.

Yanzu ga aikina. Ɗauko littafin, ka tsayar da shi, ka leƙa ta sama wajen gadon bayansa. In ka ga takardun a ƙunshi-ƙunshi, kowane a naɗe, to buɗe tsakiyar ƙunshi ɗaya ka nemi zare. In akwai, ɗinki ne. In kuwa takardun a yanke suke ɗaya bayan ɗaya sun nutse cikin gam, manni ne kawai. Wannan bambancin ya fi duk wani ƙyalli na bango muhimmanci, domin littafin wasa kayan aiki ne. Mai jan labari zai baje shi a tebur awa uku, awa huɗu, yana tsalle daga shafin dokoki zuwa na taswira, ana cin gyaɗa a gefe. Mai ɗinki zai kwanta ya yi shiru. Mai gam sai an danne shi da hannu, kuma kowace danna tana karya masa baya. A nan Kano abin ya fi muni: zafin bazara ya narkar da gam, hunturu ya zo ya busar da shi ya tsattsage. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙamus na manni shekara biyu a garin nan ya san inda shafukan tsakiya suke zuwa.

Sai ka duba ko akwai ƙyallen alamar shafi da aka ɗinke a jiki, da fihirisa a ƙarshe. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke nuna ko wanda ya tsara littafin ya taɓa zama ya yi wasan. Haka ma takardun da ake miƙa wa 'yan wasa: guntun jarida na ƙarya, wasiƙa da rubutun hannu, telgiram. Jamusawa suna da wata dama a nan, don jaridunsu na wancan lokaci da tsohon rubutunsu mai ƙahonni ake buga su, wanda gwamnati ba ta yi watsi da shi ba sai 1941. Shi kansa rubutun kwarjini ne da shi.

Ban ce komai nasu daidai ne ba. Masu littattafan tsoro, na Jamus da na ko'ina, suna da wata cuta ta shimfiɗa hoto mai duhu a ƙarƙashin rubutu don shafi ya yi kama da tsohuwar takarda. Kyan ɗan maciji ke nan. Jamusanci kuma dogayen kalmomi gare shi, fassara tana fin asalin tsawo, sai a matse haruffa don shafuka kada su ƙaru. Haɗa ƙananan haruffa da shafi mai toka da takarda mai sheƙi, ka kawo shi ƙarƙashin fitilar caji bayan an ɗauke wuta, ka ga ko za ka karanta layi biyar. Akwai wani wasan nasu, Degenesis, da wani gidan zane na Berlin ya sake fitarwa a 2014 cikin manyan juzu'i biyu. A wajen kyau ba a magana, har ma a labarinsa Turai ce ta rushe, 'yan Afirka ke da dukiya, abin da ya ba ni dariya. Amma ni a ganina ya fi dacewa da kanta fiye da tebur.

Batun kuɗi kuwa, Jamusawa mutanen wasan tebur ne. Tun 1983 suke taron baje kolinsa a garin Essen duk shekara, kuma suna da dokar da ta sa mawallafi ne ke yanka farashin sabon littafi, kowane kanti ya sayar a haka. Mai saye ya saba biya, mai bugawa ya san za a duba ɗinkinsa.

Tambaya: Baba, ni marubuciya ce. In na tsara irin wannan wasa da Hausa, da mayu da fatalwa da tsofaffin gidajen cikin birni, za a iya buga shi da inganci a Kano? Daga wata 'yar Gwale.

Amsa: 'Yata, za a iya. Shiga maɗaba'un Sabon Gari ki karanta sunan da ke jikin injinan, da yawansu Heidelberg ne, ƙirar Jamus. Ba inji ne ya sa littattafan kasuwarmu suke yagewa ba. Takardar jarida ce da ƙusar sitefula biyu, saboda ana son farashin da 'yar makaranta za ta iya biya, kuma wannan lissafi ne mai hujja ga labarin da za a karanta sau ɗaya a ba ƙawa. Naki ba haka yake ba.

Ki manta da launi, baƙi da fari ya ishe ki, ya ma fi dacewa da tsoro. Ki nemi farar takarda marar sheƙi, mai kaurin da ake kira giram 80 ko 100. Ki ce ɗinki kike so, a rubuta shi a takardar ciniki, kuma a nuna miki kwafi ɗaya kafin a haɗa sauran. Kafin a ƙona faranti, wato a ɗora rubutun a kan farantin da inji ke bugawa da shi, ki bi shafi-shafi ki duba ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin haruffan ado na tsoro da ake saukowa daga intanet ba su da su, sai kwamfuta ta cusa wani harafin daban ko ta bar akwati a gurbin. Takardun miƙa wa 'yan wasa ki buga su daban a saka a ambulan, har da ɗaya da ajami in labarin ya kai zamanin. Tsohon hoto kuwa, in na gidan wasu ne, ki nemi izini. A Kano wani zai gane kakansa, kuma ba zai ji daɗin ganin an rubuta maye a ƙarƙashinsa ba.