Hukuncin wasan shogi na Japan, da shayin da ake ɗora wa wanda aka cinye

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a birnin Sendai na ƙasar Japan. Abokan karatuna sun koya mini darar ƙasarsu da ake kira shogi, kuma zaman yana taimaka mini wajen jin yarensu. Wani ɗan'uwa da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya ce haramun ce, domin shaɗaranji ce, wato darar chess, ga shi kuma kafin a fara ana watsa 'ya'ya biyar kamar ɗan lido. Mu dai ba ma sa kuɗi, sai dai wanda aka cinye shi ke sayo wa abokin wasansa shayin gwangwani. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa karatunka albarka, ɗana.

Abin da ya fi muhimmanci a tambayarka shi ne wanda ka ambata daga ƙarshe kamar ba komai ba, wato shayin nan. Duk wasan da mutum biyu za su shiga kowa yana tsakanin samu da asara, wanda aka cinye ya biya, wanda ya ci ya karɓa, sunansa caca, kuma malamai ba su yi saɓani a kan haramcinta ba. Ƙanƙantar abin da aka sa ba ta canza masa suna. Ku daina wannan daga yau. In kuna son shan shayi, yau kai ka saya gobe shi ya saya, ba tare da an duba wanda ya ci ba. Amma kuɗin zama da gidajen wasan shogi ke karɓa a bakin ƙofa, wannan hayar wuri ce, babu laifi.

Ita kanta shogin, allo ne mai gida 81, tara tsaye tara kwance, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 20: sarki, da manyan mayaƙa biyu, da sojan ƙasa tara, da sauran dakaru. Ɗan da ka kama ba ya mutuwa, yakan koma cikin rundunarka, ka sauke shi a gidan da babu kowa in ka ga dama. Wanda ya kai layuka uku na ƙarshe a ƙasar abokin gaba kuwa sai a kife shi, ya samu ƙarin girma. Babu sa'a a cikin tafiyar wasan ko ɗaya, lissafi ne tsantsa. Saboda haka ɗan'uwanka ya yi daidai da ya ce dangin shaɗaranji ce, kuma hukuncin shaɗaranji za ta ɗauka.

Inda na rabu da shi shi ne yanke cewa haramun ce kai tsaye. Ba na ɓoye maka cewa magana ce ta manya. Imamu Malik ya ce babu alheri a cikin shaɗaranji, mai Risala ma ya ce bai halatta a yi wasa da ita ba, Hambalawa sun haramta, Ibnu Taimiyya har ya ga ta fi nardu muni, wato darar da ake yi da jefa ɗan lido. To amma a kan me aka gina? Babu wani hadisi ingantacce da ya ambaci shaɗaranji da sunanta, domin Musulmi ba su san ta sosai ba sai bayan an ci ƙasar Farisa. Abin da ya inganta a Sahihu Muslim a kan nardu ne, cewa mai wasa da shi kamar ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa. Masu haramtawa kiyasi suka yi a kan wannan. Shi kuwa nardu, abin da aka jefa shi ke gaya maka inda za ka taka, kowane motsi yana rataye da sa'a, kuma wannan ita ce ƙofar caca. Shaɗaranji tunani ke tafiyar da ita. Idan dalilin hukunci ya bambanta, kiyasi ya raunana. Shi ya sa Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, aka kuma ruwaito wasa da ita daga wasu tabi'ai irin su Sa'idu bn Jubair. Kai, ko a mazhabarmu, Ibnu Abdil Barr ya taƙaice maganar da cewa wanda bai yi caca da ita ba, ya yi jefi-jefi a cikin gidansa, an yi masa rangwame. Wanda ya mai da ita sana'ar dare da rana shi ne mutuncinsa ke zubewa a ƙi karɓar shaidarsa. Ka ga ke nan abin da suke tsoro shi ne shagala.

Akwai kuma asari, wato maganar sahabi, da ake dangana wa Sayyidina Aliyu, cewa ya wuce masu wasan ya ce waɗanne gumaka ne kuka duƙufa a kansu. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Ko da mun karɓe shi, bai hau kan shogi ba, don 'ya'yanta 'yan ɓallin katako ne masu kusurwa biyar, an rubuta sunan kowanne a jikinsa, babu kan doki babu siffar mutum. Launinsu ma ɗaya ne, inda tsinin ya fuskanta ne ke nuna mai shi. Garin Tendo da ya shahara da sassaƙa su yana jihar Yamagata, maƙwabciyarku.

Watsa 'ya'ya biyar da ya tayar masa da hankali, wanda suke kira furigoma, sau ɗaya ake yi kafin a taɓa komai, a ƙirga fuskar da ta fi yawa a sama don a san mai farawa. Daga nan ya gama aikinsa. Wannan ƙuri'a ce tsakanin mutum biyu masu haƙƙi daidai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ba ta haɗa hanya da ɗan lido ba.

Don haka abin da na rinjayar shi ne ya halatta ka yi, in babu caca kuma bai ci lokacin wajibi ba, barinsa kuma ba asara ba ne.

Lokacin nan shi na fi ji maka. Wasa ne mai tsawo, ƙwararrunsu a gasar kambun Meijin kwana biyu suke yi a kan wasa ɗaya, kowa da awa 9. A inda kake, cikin watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, tsakanin La'asar da Magariba ɗan taƙi ne, kuma babu ladanin da zai tuna maka. Ka yi sallarka kafin ka zauna. Idan lokaci ya shiga kuna tsakiya, ka nemi uzuri ka tashi ko da za a lissafa an cinye ka. Ranar da ka ga kana jinkirta sallah don ka ƙarasa wasa, ko kana tsaye a sallah zuciyarka na kan allo, to a kanka kai ya zama haramun, kuma a nan duk mazhabobin sun haɗu.

Wani abu da ba ka tambaya ba: al'adarsu ce a sunkuya wa juna a farkon wasa da ƙarshensa. An tambayi Annabi ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Ka faɗi kalmomin gaisuwar da suke faɗa, ka sake fuska, amma kada ka lanƙwasa baya har ya yi kama da ruku'u. In ka yi musu bayani sau ɗaya cikin ladabi za su fahimta. Idan kuma zaman ya koma inda ake shan giya bayan wasa, ka yi musu sallama a bakin ƙofa.

Shi kuma ɗan'uwan da ya yi maka nasiha, kada ka kai masa wannan amsa don ka kunyata shi. Yana bin maganar limamai ne, kuma ku kaɗan ne a garin. Ka gode masa, ka gaya masa ka bar zancen shayin.

Wallahu a'alam.