Gunki ko ƙira? Amsa kan jan ƙarfen da iska ke juyawa

Wani ɗalibin fasaha daga Zariya ya aiko da tambayoyi uku. Ya ce yana tsara siffofi a kwamfuta, na'ura ta yanka masa fallayen jan ƙarfe, ya buge su da guduma, sannan ya rataye su yadda iska za ta riƙa juya su. Yana son sanin sunan da ya dace da aikin, da bambancin tagulla da jan ƙarfe, da kuma ko karin maganar "da zafi-zafi ake dukan ƙarfe" ta shafi sana'arsa.

Malam, batun tagulla mai sauƙi ne. A bakin jama'a kalmar ta haɗa jan ƙarfe tsantsa da wanda aka gauraya da kuza ko wani ƙarfe, shi ya sa ake cewa wanda ya zo na uku a gasa ya ci lambar tagulla. In kana nufin tsantsarsa, ka ce jan ƙarfe. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, wanda ya sauka a Takadda ta yankin Agadas a 1353, ya ba da labarin yadda ake haƙo shi a can ana kai wa Gobir da Barno.

Game da suna kuwa, ba na goyon bayan "gunki" ko kaɗan, domin abin bauta yake nufi, kuma mai saye zai ja da baya tun kafin ya ga aikin. "Mutum-mutumi" sai abin da ke da surar mutum, "sassaƙa" kuma aikin itace ce. Abin da aka sarrafa daga ƙarfe da wuta da guduma ƙira ne, don haka "ƙira mai motsi" ta wadatar, har ga irin ayyukan da mai fasaha Alexander Calder na Amurka ya fara ratayewa a farkon shekarun 1930. Kwamfuta ba ta fitar da kai daga cikin maƙera ba. Aikinta shi ne lissafa nauyin kowane falle da wurin da za a huda sandar da ke ɗauke da fallayen don ɓangarorinta biyu su daidaita, amma da zarar guduma ta lanƙwasa fallen, ma'aunin yakan ɗan kauce, sai ka ɗora sandar a kan yatsa ka nemo daidai da hannu. Hausawa sun raba maƙeran baƙi, masu garma da lauje, da maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. Kai cikin na biyu kake.

Wannan rabon ne amsar tambayarka ta uku. Ma'anar karin maganar ita ce a yi abu a kan lokacinsa kafin dama ta wuce, kuma daga maƙerar baƙi ta fito, inda ake ciro ƙarfe da awartaki jawur, a ɗora a uwar maƙera a hau shi da masaba kafin ya huce. Jan ƙarfe ba haka halinsa yake ba. Da sanyinsa akan buge shi, kuma gwargwadon dukan da ya sha gwargwadon taurinsa, har ƙararsa ta canza a ƙarƙashin guduma, in an matsa masa ya tsage. A nan ne ake mayar da shi wuta har ya yi ja kaɗan, nesa da ma'aunin 1085 na Salsiyos da yake narkewa, a tsoma shi a ruwa, ya fito da laushi. Ƙarfen wuƙa kuwa tsomawa a ruwa ƙara masa tauri take yi.

Wannan halin yana da amfani a ƙira mai motsi. Fallen da iska za ta tura ana barinsa da taurin duka don kada ya lotsa, wanda za a ci gaba da lanƙwasawa kuma a gasa shi tukuna, kuma duk inda aka yi walda zafi yakan sassauta ƙarfen da ke kewaye, sai an sake bi da guduma.