Ƙiba ce ko girman ƙashi?

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 12 ya yi ƙiba, har wandon makaranta ba ya shigarsa. Surukata ta ce girman ƙashi ne irin na danginsu. Kwanan nan yana ɗingishi, yana kukan gwiwa. Daga wata uwa, Pantami, Gombe.

AMSA: Hajiya, a gaishe da Inna, amma kitse ne. Gaskiya nauyi yakan ƙara wa ƙashi kauri, sai dai kitse ba zaman banza yake yi ba. Yana riƙe bitamin D, wanda jiki ke buƙata kafin ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kuma kitsen tumbi yana fitar da sinadaran kumburi masu zaizaye ƙashi.

Ɗingishin ne ya fi damuna. A shekarunsa, kan ƙashin cinya bai gama haɗewa ba, guringuntsi ne ke riƙe shi, nauyi kuwa na iya sa ya zame. In haka ta faru, ciwon a ƙugu yake, amma yaro kan ji shi a gwiwa. Kada a kai shi wurin mai ɗori. A hana shi ƙwallo, a je asibiti da gaggawa a ɗauki hoton ƙugu. Maganar rage lemon kwalba da ba shi kindirmo da zogale sai bayan hoton.