Amsa kan zaman Obama a majalisar jihar Illinois

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Barack Obama ya taɓa zama ɗan majalisar jiha kafin ya shugabanci Amurka. Ƙwarai kuwa, a nan ma ya koyi siyasa. A 1996 aka zaɓe shi sanatan jihar Illinois mai wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Chicago, bayan da magoya bayansa suka ƙalubalanci sa hannun masu zaɓe da abokan hamayyarsa suka tattara don su cancanci tsayawa takara, ciki har da Alice Palmer wadda ke riƙe da kujerar, har aka cire sunayensu ya tsaya shi kaɗai a zaɓen fid da gwani. Ya sake lashe kujerar a 1998 da 2002.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kayen da ya sha a 2000 lokacin da ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, a hannun Bobby Rush wanda ke riƙe da kujerar. A ganina, aikinsa mafi daraja shi ne dokar 2003 wadda ta wajabta wa 'yan sanda naɗar tambayoyin da suke yi wa waɗanda ake zargi da kisa. A 2004 ya bar majalisar bayan ya ci zaɓen sanatan tarayya.